Yadda Na Kai Wanzaminmu Gaban Madubin Likita

Shekarun baya, lokacin da jirgin ƙasa bai daɗe da fara tsayawa a Malam Madori ba, ni ne mai wanke kwalabe a ɗakin shan magani na garinmu, Haɗeja. Na faɗi sunan aikin tun yanzu don kada wani ya zaci likita ne ke ba da labari. Aji uku na yi a elementare, mahaifinmu ya rasu, aka ce in dawo gida in kama taru, in shiga kamun kifi kamar kowa a unguwarmu. Ban iya taru ba. Abin da na iya shi ne karanta rubutun jikin kwalba, shi ya sa aka ɗauke ni.

A lokacin akwai wani likita Bature da ke zuwa mana rangadi daga Kano, ya yi kwana uku ko huɗu ya koma. Mutum ne mai saurin fushi, Hausarsa kuwa ta bariki ce, duk a karye. Amma yana da hali guda mai kyau. In ya ga kana leƙen abu, maimakon ya kore ka sai ya jawo ka ya nuna maka. Ya bar mana madubin likita a cikin akwatin katako, wannan abin da ake ɗora ido a ga abin da ido ba ya gani. Ya koya mini yadda ake huda yatsa, a shafa ɗigon jini a ɗan gilashi, a rina shi da wani ruwa shuɗi, a bari ya bushe.

Ranar da na fara ganin jini a ciki sai da na ja da baya. Ashe jini ba ruwa ba ne zalla. Ƙwayoyi ne jajaye birjik kamar ƙwan kifi. Jefi-jefi a tsakaninsu akwai wasu manya masu haske, su ba su da yawa. Likita ya ce waɗannan su ne 'yan dokan jini, aikinsu kama duk baƙon da ya shigo. Sannan ya sa mini jinin wata yarinya mai zazzaɓi. A cikin wasu jajayen na ga abu kamar ɗan zobe, ya ce ƙwaron da sauro ke kawowa ke nan. A cikin 'yan dokan kuma na ga wani baƙin barbashi kamar garin gawayi.

Na ce, "Ranka ya daɗe, datti ne ya faɗa? Na wanke gilashin."

Ya ce, "Ba datti. Ƙwaro ya shiga ja. Ya ci ja. Ya yi kashi. Kashi baƙi. Ɗan doka ya zo, ya haɗiye kashi. Ba ya narke."

Haka yake magana, kamar mai saran itace. Sai da na yi watanni ina tsintar maganarsa ɗaya-ɗaya kafin ta haɗu a kaina. Ƙwaron yana cinye jan jini, abin da ya kasa ci ya tara shi ya zama wannan baƙin. In ƙwayar ta fashe, baƙin ya watsu a jiki. 'Yan doka su yi ta haɗiya. Da farko sai su haukace, su tayar wa jiki da hankali, mutum ya yi zafi kamar murhu, har ɓarnar da suke yi ta kai ta ƙwaron. Daga baya, in cikinsu ya cika, sai su yi laƙwas. Ba sa iya kama wannan ƙwaro, ba sa iya kama wani. Duk cutar da ke wucewa a hanya sai ta tarar da ƙofa a buɗe. Ya ce in aka buɗe wanda wannan ciwo ya kashe, saifarsa baƙa ce kamar gindin tukunya. Wannan ban gani ba, ban kuma nemi gani ba.

Akwai abu ɗaya da ya nanata mini har ya buga tebur. Ya ce in ka ga ƙwaro kaɗan a gilashi amma 'yan doka cike da baƙi, kada ka yi murna. Ƙwarin sun bar bakin yatsa ne sun shige can ciki, sun maƙale a ƙwaƙwalwa da hanji. Ni na fahimci wannan da sauri, don na taɓa kiwo. In ka shiga garke ka tarar da akuya biyu amma ƙasa duk kashi, ka san ba biyu ba ne. Sauran suna gonar wani suna ɓarna.

Bayan shekara biyu aka yi wa likitan canji. Aka kawo mana wani malamin asibiti, saurayi ne, ya fito daga makaranta a Zariya da takardarsa a cikin firam. Ba mugu ba ne, kada in ɗauki alhakinsa. Amma ya yarda da cewa ilmi a takarda yake, wanda ba shi da ita kuwa kansa ƙwarya ce. Ya bar mini shafa jini da rini, saboda rinin yana ɓata yatsu. Dubawa kuwa tasa ce shi kaɗai.

To, a ƙarshen daminar wannan shekara yayana ya dawo. Shi ne ɗan fari a ɗakinmu. Shekara biyar ya yi a Jos yana haƙar kuza, can kan tudu inda sanyi ke hana sauro sakewa. Ya dawo da bargo da takalmi da baki. Ya iso daidai lokacin da kogi ya cika ya bazu cikin fadama, shinkafa ta fara fitar da kai, sauro kuwa in magariba ta yi sai ka ji kamar ana kaɗa gurmi a kunnenka. Na kawo masa gidan saurona na ce ya riƙa shiga. Likita ya taɓa gaya mini cewa wanda ya daɗe ba ya wurin sauro, sabon da jikinsa ya yi da ciwon yana gushewa, ya koma kamar jariri.

Yayana ya ɗaga gidan sauron da yatsa biyu ya ce, "Ni kifi ne da za ka sa ni a koma? A nan aka yanke mini cibiya, Likitan Kwalba. Sauron garin nan ya san jinina tun kana tsumma."

Likitan Kwalba shi ne sunana a gida. Har mahaifiyata, in ta so tsokana, haka take kirana.

Ya hau gora ya shiga ruwa da masunta, yana kwana a bukkar gona yana korar tsuntsu. Mako biyu ba su cika ba zazzaɓi ya kayar da shi.

A rana ta uku na huda masa yatsa yana zagina, na kai gilashin wurin aiki. Malamin asibiti ya leƙa, bai kai ƙiftawa goma ba ya ɗago. Ya ce ƙwaro kaɗan ne, a ba shi ƙwayar kwinin ya sha a gida. Da ya fita alwala na ɗora idona. Ƙwarin kam kaɗan ne, gaskiyarsa. Amma 'yan dokan, duk wanda na bi sai in tarar da shi dam da baƙi. Ban taɓa ganin irin wannan ba, ko a yaran da suka mutu a hannunmu.

Da ya dawo na ce, "Malam, a sake dubawa. Fararen nan sun cika da baƙi. Allura yake bukata, a kwantar da shi a nan."

Ya ce, "Wa ya ba ka izinin taɓa madubi?"

Na ce, "Likitan da ya tafi ya ce in an ga haka..."

Ya ce, "Likitan da ya tafi ya tafi. Ƙwaro ake ƙirgawa, haka aka koya mana. Kai wace makaranta ka yi?"

Na ce masa makarantar da na yi ba ta hana ni ganin abin da ke gaban idona ba. Wannan amsa ba ta taimaki yayana da komai ba. Ni dai na ji daɗin faɗarta, na ɗauki ƙwayoyin na tafi gida.

Ƙwayoyin ba su zauna ba. Yana haɗiya yana amayarwa. Amma da safe zafin yakan sauka, sai ya tashi zaune ya sha kunu, har ya tambayi wa ke korar masa tsuntsu. Kowa a gida ya ce sauƙi ya samu. Na ga in ban yi bayani ba za a bar shi a haka. Sai na sami mahaifiyata tana gyaran kifi a tsakar gida, na tsuguna, na shiga yi mata karatu.

Mahaifiyata ba ta faɗin sunan ɗan farinta, ba ta ma shiga ɗakinsa in da mutane. Sai dai ta ce "wancan". Amma tun da ya kwanta ba ta ci abin kirki ba, na lura. Na ce mata, "Inna, ciwon nan ya fi yadda kuke gani. Na duba jininsa. Akwai wani baƙin abu a ciki, ya yi yawa, shi ne ke kashe masa ƙarfi. Dole a kai shi asibiti."

Ta tsayar da wuƙa. Ta ce, "Baƙi ka ce? A cikin jini?"

Na ce, "Ƙwarai. Da idona na gani."

Ta ce, "To."

Na tafi aiki ina jin kaina, wai yau an saurare ni. Ku masu karatu da kuka tashi a gidan Hausa kun riga kun san abin da wannan "to" ke nufi. Ni kaɗai ne, mai aji uku, ban gane ba. A wurinmu in an ce jini ya yi baƙi, ai an san mai fitar da shi. Da bakina na aika a kira wanzami.

Da na dawo da azahar na tarar da zaure cike. Yayana na kife a tabarma, ƙaho shida a bayansa. Wanzamin gidanmu na zaune a kansa, tsoho ne, abokin mahaifinmu, Baba muke ce masa, shi ke yi wa kowa aski a zuriyarmu tun kafin a haife ni. Ya riga ya yi tsaga, ya zuƙe, ya toshe. Ina tsaye ya ciro ƙaho ɗaya ya juye a sakaina. Jini ya faɗo guda-guda, ya yi duhu. Maƙwabta suka matso suna leƙe.

Wani ya ce, "Ka ga mataccen jini. Ashe yaron nan ya iya dubawa."

Wani ya ce, "Likitan Kwalba ya gano, Baba ya fitar. Aiki ya yi kyau."

Ni kuwa idona na kan sakainar. Mutumin da ƙwaro ya riga ya cinye masa rabin ja, ga sauran ana zubarwa a gaban kaji. Ban yi sallama ba, ban gaida kowa ba. Na ce a cire ƙahonnin nan yanzu. Na ce wannan jahilci ne. A gaban mutum fiye da goma na faɗa, kuma fuskar tsohon nake kallo.

Baba wanzami bai ko ɗago ba, ya ci gaba da goge askarsa a cinya. Ya ce, "Ɗan nan, da hannun nan na cire maka beli. Da shi na yi maka kaciya. Kai kaɗai ne a cikin sa'anninka ka yi mini fitsari a ƙafa. Ban san a ranar na yanke har da kunyarka ba."

Aka fashe da dariya, har yayana da ke kife sai da kafaɗarsa ta motsa. Da ina da hankali da na fita. Maimakon haka na ce zan nuna musu. Na ce kowane jini in ya zauna a sakaina duhu yake yi, na mai lafiya da na mara lafiya. Na fizgi aska na tsaga babban yatsana, na ɗiga a wata sakainar, na ce a jira a gani. Muka tsaya ana kallon jinina kamar ana jiran tukunya ta tafasa. Ya daskare, ya yi duhu, daidai da na yayana. Na ɗaga sakainar na ce, "Kun gani?"

Mahaifiyata na bayan ƙyaure tana jin komai. Muryarta ta fito a hankali. "Ashe shi ma yana da shi. Baba, in ka gama da wancan a kafa wa wannan biyu."

Har yau in na tuna sai in ji yatsan yana zafi.

Da yamma ta kira ni. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce na zagi abokin ubana a zauren ubana, saboda haka bakina ya fita daga maganar ciwon nan. Ta ce asibiti wurin da ake kai wanda aka fid da rai da shi ne, ita ba ta fid da rai ba. Ta ce Baba zai dawo jibi ya kafa wasu a ƙeya saboda ciwon kai.

Washegari yayana bai nemi kunu ba. Da hantsi ya fara magana da mutanen da ba sa nan, yana kiran wani helumansu, shugaban leburori a wurin kuza, yana cewa ramin zai rufta. Na ja fatar idonsa, fari fat kamar cikin ƙwarya. Matarsa ta ce iskar ruwa ce ta taɓa shi a fadama. Na buɗe baki, mahaifiyata ta dube ni, na rufe. Na sake huda masa yatsa, wannan karon bai ma zage ni ba. Rashin zagin ya fi komai tayar mini da hankali.

Na lissafa waɗanda suka rage mini. Malamin asibiti ba ya jin maganata don ba ni da takarda. Gida ba sa ji don ina da rabin takarda. Mutum ɗaya ne in ya yi magana mahaifiyata ba za ta musa ba, shi ne kuwa wanda na kira jahili jiya.

Na same shi a rumfarsa a bakin kasuwa yana yi wa wani aski. Na tsuguna. Ya bar ni a tsugune har ya gama kan nan tas, ya gyara gemu, ya karkaɗe gashi, ya yi hira da mai kan a kan farashin gero. Sannan ya ce, "An zo a ƙarasa zagin ne?"

Na ce, "Baba, na yi kuskure a baki. Amma ban yi kuskure a ido ba. Kada ka kafa masa ƙaho gobe."

Ya hau wasa askarsa. Can ya ce, "Jinin nan na jiya bai yi mini ba. Ba shi da kauri. Na shekara arba'in ina juye ƙaho, na san jinin namiji mai cin kifi. Wannan kamar an sirka shi." Ya dube ni. "Baƙin da kake ta faɗa, in ba wanda na fitar ba ne, wanne ne?"

Na ce, "Zo ka gani."

Bayan azahar malamin asibiti yakan tafi gida cin abinci, ya ɗan kishingiɗa, sai la'asar. Makulli a hannuna yake, don ni ke shara. Na shigar da tsohon ta ƙofar baya da zabirarsa a rataye. Na san doka, na san abin da zai biyo baya in an kama ni. Na buɗe akwatin, na daidaita madubin da hasken taga.

Sai da muka sha fama. Ya rufe idon da ya kamata ya buɗe. Da ya gyara, ya ce yana ganin ciyawa, na ce gashin idonsa ne. Ya ce abin Nasara duk wahala ne. Na fara sa masa nawa jinin, daga yatsan da na tsaga, tunda dai ciwon bai rufe ba, ya yi wani amfani. Na ce ya nemi manyan masu haske. Ya daɗe, sannan ya ce, "Na ga ɗaya. Fes take." Na gaya masa aikinsu. Na cire, na sa na yayana.

Ya ɗora ido. Ya riƙe gefen tebur da hannu biyu. Na ga yadda wuyansa ya tsaya. Na ce masa baƙin nan kashin ƙwaro ne, masu tsaron jiki sun haɗiye shi sun kasa narkarwa, yanzu ba sa iya komai.

Bai ɗago ba ya ce, "Kifi ya sha laka."

Na ce, "Na'am?"

Ya ce, "Ranar su, in jama'a suka tattake tafki, laka ta tashi. Kifi ya shaƙa, ta cika masa kunne. Da farko ya yi ta haukan tsalle. Daga nan ya taso sama yana buɗe baki, yaro ma ya kama shi da hannu." Ya ɗago, idonsa ɗaya na hawaye saboda haske. "Haka ne?"

Shekara biyu Bature yana sara mini wannan magana guntu-guntu. Tsohon nan ya faɗe ta cikin numfashi ɗaya. Na ce haka ne, Baba.

Ya ce, "Ƙahona fata yake sha. Wannan kuwa a cikin cikin jini yake, ko na zuƙe har gobe ba zan kai gare shi ba." Ya sake leƙawa. "Jajayen ma nasa ba su kai naka yawa ba."

Na ce, "Ba su kai ba."

Ya ce, "Na kuwa rage masa."

Wannan ne karo ɗaya a rayuwata da na sami damar cewa "ai na faɗa" na kuma yi shiru.

Daidai nan ƙofa ta buɗe. Malamin asibiti ya manta agogonsa ya dawo ɗauka. Ya tarar da wanzami da zabira a kan kujerarsa, ido a madubin gwamnati. Ya fara magana da Turanci, ya ga ba ta isa ba ya koma Hausa. Ya ce wannan wurin aiki ne ba rumfar aski ba, ya ce zai rubuta ni, ya ce yau na gama.

Baba wanzami ya miƙe a hankali ya gyara zabirarsa. Ya ce, "Yaro, ka gama? To ka dafa allurarka. Yanzu za a kawo maka mutum." Ya nuna madubin da haɓa. "Kafin mu dawo ka sake leƙa wannan. Kada ka nemi kifi, laka za ka duba."

Muka nufi gida yana gaba ina baya. Bai tsaya a zaure ba, ya yi sallama ya shiga har tsakar gida, abin da shekarunsa suka ba shi. Mahaifiyata ta jawo mayafi. Ya ce, "A ɗauki yaron nan a kai shi asibiti yanzu. Ciwon ba nawa ba ne."

Ta ce, "To, Baba."

Shi ke nan. Kwana uku ina zuba, na tsaga yatsa, na sha zagi. Shi kalma goma sha huɗu. Aka cire ƙyauren ɗaki aka ɗora yayana, mu huɗu muka ɗauka. Muna kaiwa ƙofar asibiti ya fara fizga, idonsa ya kakkafe. Da mun ƙara yini ɗaya, da ba asibiti za mu nufa da ƙyauren nan ba.

Malamin asibiti ya riga ya dafa allura. Ban san ko ya sake leƙa gilashin ba, bai taɓa faɗa ba, amma na tarar an matsar da shi daga inda na bar shi. Ya yi aiki, wannan ba zan hana shi ba. Kwana uku yayana bai san inda yake ba. Ana yi masa allurar kwinin, ni ina juya shi, ina ɗiga masa ruwa da cokali. Mahaifiyata ba ta shiga ba ko sau ɗaya. Tana zaune a gindin bishiyar da ke waje tun safe har magariba, wai inuwa take sha. A rana ta huɗu ya buɗe ido ya gan ni, ya ce, "Likitan Kwalba, wa ke korar mini tsuntsu?"

Bai tashi nan da nan ba. Zazzaɓin na tafiya atini, wato gudawa mai jini, ya kama shi, atini na sauka tari ya hau. Kamar yadda Baturen ya ce, masu tsaro suna kwance, ƙofa a buɗe. Sai da aka gama girbin shinkafa sannan ya iya zuwa bakin kogi da ƙafarsa.

Ni kuwa malamin ya cika alkawari, ya rubuta ni. Sabon likita ya zo rangadi, bai san ni ba, ya karanta takarda. Ya tambaye ni ko gaskiya ne na ɗora wanzami a kan madubi. Na ce gaskiya ne, na fara bayanin baƙin da ke cikin fararen. Ya gyaɗa kai, ya ce na gani daidai, amma doka doka ce. Aka mayar da ni cikin leburorin duba-gari, masu zuba baƙin mai a kududdufai don kashe 'ya'yan sauro. A Haɗeja. Garin da in kogi ya cika, kududdufi ya fi gida yawa. Har yau a nan nake, sai dai yanzu ni ne heluma. Tun ranar ban sake ɗora ido a madubin likita ba.

In ka tambayi yayana yau, zai ce maka Baba wanzami ne ya cece shi. Wai shi ya fitar da baƙin, allura ta ƙarasa ɗan abin da ya rage, kuma shi ne ya san lokacin da ya kamata a tafi asibiti. Na yi bayani har na gaji. Duk shekara in aka buɗe kamun kifi, babban kifin da ya fara kamawa na gidan wanzami ne.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne ba ƙarya zalla yake yi ba. Na daɗe kafin in yarda da wannan. Ni na ga ciwon, amma gani bai ɗaga kowa daga tabarma ba. Na je wa mahaifiyata da magana ban tsaya na ji yadda za ta sauka a kunnenta ba, na je wa tsoho da zagi a wurin da ya kamata in ja shi gefe. Da ranar farko rumfarsa na nufa, da jinin nan bai zuba a sakaina ba. Na koyi wannan, ban ce ya gyara mini hali ba. Leburorina za su ba ku shaida.

Tsohon bai taɓa faɗa wa kowa abin da ya gani ba, sunansa bai bar shi ba. Amma daga wannan shekara ya daina kafa wa mai zazzaɓi ƙaho. Sai ya ja fatar ido ya duba, ya ce a tafi wurin masu allura. In na je aski kuwa, yana riƙe da kaina, sai ya sunkuyo ya ce a hankali, "Ina labarin masu shan laka?" A duk garin nan shi kaɗai ne na iya yin wannan hira da shi. Ya rasu shekara shida ke nan. Ɗansa ya gaji zabirar, shi kuma kowa ya zo kafa masa yake yi.

Kyautar kifin ba ta tsaya ba, ɗan wanzamin ake kai wa. Bana ƙafar yayana na ciwo, sai ya aiko a kira ni bakin kogi. Na zaci wani abin ne. Ya miƙo mini tarwaɗa mai tsawon hannu ya ce, "Likitan Kwalba, tunda hanyarka ce, miƙa wannan gidan Baba."

Ba hanyata ba ce. Na ɗauka na kai, tana ɗiga mini a riga tun daga kogi har bakin kasuwa. Ɗan wanzami ya karɓa ya ce a gaida yayana. Ko kan kifin ba a ce in ɗauka ba.